Lauyan Kififiya

A cocinmu akwai benci ɗaya a can baya, jikin taga ta ƙarshe, inda ake zaunar da waɗanda dattawa suka sa a ƙarƙashin horo. Mai zaman bencin yana jin wa'azi, amma tiren jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, yakan tsallake shi. Mazinata kan yi wata shida a wurin, mashaya wata uku, wani da ya mari surukinsa ya yi Lahadi huɗu. Baba Mai Ƙararrawa yana cikin shekararsa ta biyar. Laifinsa kififiya ce. Ni na rubuta hukuncin da hannuna, domin ni ne magatakardan majalisar dattawa, aikin da aka ba ni saboda na yi jami'a kuma rubutuna yana karantuwa.

Gajeren mutum ne, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tsawo saboda shekara talatin yana jan igiyar ƙararrawa. Shi ke share coci, shi ke goge bencuna, shi ya san kujerar da ke cizon zane. Yana kwana a ƙaramin ɗakin da ke bakin ƙofar harabar tun rasuwar matarsa. A aljihun rigarsa kullum akwai guntun alli.

Cocin a kan tudu take. A bayanta ƙasa ta gangara zuwa wani tafki mai ciyayi, wanda rafin da ke saukowa daga duwatsu yake fara zuba a ciki kafin ya wuce ta kwalbati ya ratsa unguwar ƙasa. Ba tafki mai kyau ba ne. Yana da sauro, yana da wari da bazara. Amma zalɓe na kwana a bishiyoyin bakinsa, tsari na shan rana a kan wani gungume, ga kwaɗi, ga kuma kififiya, irin kunkurun nan na ruwa. Ba wanda ya ɗora wa Baba kula da wurin. Kowace safiya bayan shara yakan ɗauki doguwar sanda mai ƙusa a baki ya zagaya yana tsamo leda da robobi. In ya ga tarko ya kwance, in ya ga mai tarkon ya zaunar da shi ya yi masa bayanin da zai sa mutumin ya gwammace da marinsa aka yi. Daga nan ya je bangon baya na coci ya ja layi da alli daidai inda ya auna ruwan ranar, ya rubuta yawan kififiyar da ya gani a gefe. Abin da ya sa aka laƙaba masa Lauyan Kififiya ke nan. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Ya ce ai gara lauya da alƙali.

Wanda ya raɗa masa sunan shi ne shugaban kwamitin gine-gine, Dattijo Mai Tifa. Mutum ne mai tifofi uku da murya mai daɗin addu'a, kuma duk ramin da ya gani a duniya yakan ɗauke shi zagi ne a gare shi. Shekara da shekaru yana kawo shawarar a cike tafkin a yi filin ajiye motoci, shekara da shekaru Baba yana bin tsofaffin ikilisiya gida gida har shawarar ta faɗi.

Abin da ke taimakon Baba shi ne ƙararrawa. A wurinmu ruwa kan sauka a kan duwatsu alhali mu muna ganin rana tsaka, sai bayan awa ɗaya ko biyu ya iso unguwar ƙasa a fusace. Baba ya lura cewa kafin ya iso, ruwan tafki kan yi ja, kififiya kuma su fito su hau gangara har matakalar ƙofar baya. In sun kai matakala ta uku, yakan ja igiya ba tsayawa, mutanen ƙasa su kwaso yara su hayo tudu. A shekara talatin sau uku ya yi haka. Sau biyu ruwan ya zo ya tafi da katangu da awaki, bai samu mutum ko ɗaya ba. Na ukun ne ya gamu da rashin sa'a: ruwan ya zo, amma iyakarsa idon sawu, kuma ranar ake ɗaurin auren 'yar Mai Tifa.

Ina wurin. Ana tsakiyar yanka kek, baƙi ɗari huɗu suka watse. Uwar ango ta bar takalmi ɗaya, mai hoto ya gudu da kyamara a hammata, wasu daga cikin 'yan matan amarya aka same su a kan rufin ofishin Fasto ba wanda ya san ta inda suka hau. Sati na zagayowa aka kira Baba gaban majalisa.

"Baba, gaya wa dattawa," in ji Mai Tifa, "wa ya ce maka ruwa na zuwa?"

"Ba wanda ya ce. Kififiya na gani sun hau matakala."

"Kun dai ji. Magatakarda, rubuta. Kififiya ce ke kawo masa saƙo."

Baba ya leƙo littafina. "Rubuta matakala ta uku, Malam. Kada ka sa ta biyu."

Fasto matashi ne a lokacin, bai daɗe da fitowa makaranta ba, kuma motar da yake hawa kyautar wani ne da ke zaune a teburin. Ya gyara murya ya ce, "Baba, mu masu bi ne. Mun bar duba da camfi. Ba ma neman labarin gobe a wurin dabba."

"Fasto, in ka ga matar maƙwabcinka ta fito da gudu tana kwashe shanya, ka ce hadari ya taso, duba ka yi?"

"Wannan daban."

"Kai da bakinka ka ce mana a wa'azi an yi halittun ruwa da na sama rana ta biyar, mu sai ta shida. Yayyenmu ne ke nan, sun ba mu kwana ɗaya. Ni dai in na ga yayana ya bar gidansa a guje, nakan leƙa in ga abin da ya koro shi."

Mai Tifa ya ce, "An ba ɗan adam mulki a kansu. Wannan a rubuce yake."

"An ba ka mulkin gidanka ma, Dattijo. Ban taɓa ganin ka juye wa iyalinka tifar ƙasa ba."

Wasu dattawa biyu suka yi tari a lokaci ɗaya. Ina ganin wannan maganar ce ta ƙara masa wa'adi. Aka yanke: zai zauna bencin baya har ranar da zai tsaya gaban jama'a ya ce ya tuba daga duba. Aka kuma ce a sa wa ɗakin ƙararrawa ƙofa da makulli. Mai Tifa ya so makullin ya zauna a wurinsa, sai ni, don in nuna ni mai adalci ne, na kawo gyara: makulli ya zauna a hannun magatakarda, kuma ba za a kaɗa ƙararrawa ba a ranar da ba ta sujada ba sai da sa hannun dattawa biyu. Aka yaba da tsarin. Har aka ce amfanin boko ke nan.

'Yata Auta ba ta yaba ba. Ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin da ke ƙetaren kwalbati, shekararta ashirin da huɗu a lokacin, kuma tun tana ƙarama ita ke satar min alli a jaka tana kai wa Baba, wanda take kira Kaka. Da na dawo daga taron tana guga a falo. Ba ta ɗago ba ta ce, "Babana, kai da kake koya wa 'yan aji shida yadda ake aunawa a rubuta. Kaka ya auna ya rubuta, kun ce maita ce."

Na ce ba maita aka ce ba, duba aka ce.

"To, madalla," in ji ta. "Na ɗauka kun yi kuskure."

Da mutum ya koma bencin baya bakinsa ya mutu a taro. Damina ba ta zagayo ba sai da tifofi suka cike rabin tafkin. Aka zuba kwalta, aka ja farin layi, aka yi addu'ar keɓewa, mawaƙa suka yi waƙa. Motoci goma sha huɗu wurin ke ɗauka, kuma a duk ikilisiyar mutum tara ke da mota. Ranar da ake juye ƙasar, Baba ya yini yana shiga gaban tifa da baro yana kwashe kififiya yana kai su ɗaya ɓangaren. Direbobi na masa hon suna cewa, "Lauya, ka ɗaukaka ƙara mana." Rabin da ya rage shi ya ci gaba da tsamo wa leda, shi ya ci gaba da aunawa. Ranar Lahadi yakan zo wurina ya karɓi makulli kamar baƙo, ya kaɗa, ya dawo min da shi.

Ranar Talatar da abin ya faru ana rana sosai. Ina kula da jarrabawar lissafi a makarantar da ke kallon coci. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin Baba ya tsaya a bakin taga, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Malam, makulli."

Na fito baranda na ce ya rage murya.

"Sun wuce ta uku. Suna kan ta biyar. Ban taɓa ganin haka ba."

Makullin yana aljihuna. Na dubi sama, ba ko gajimare. Na tuna takalmin uwar ango. Na ce masa ya san doka, ya nemo dattijo na biyu ya sa hannu, ni zan sa nawa nan take. Ya ce Mai Tifa ya tafi wurin aiki, Fasto ya tafi taro, sauran suna kasuwa. Na ce to ya ba ni minti arba'in in karɓi takardun yara.

Bai zage ni ba. Ya dube ni kawai, ya juya. Daga baya na ji abin da ya yi: ya shiga ɗakinsa ya ɗauki tasa da ludayi, ya gangara unguwar ƙasa a ƙafa yana bugawa. Mutum mai shekara saba'in da biyu. Ya kai gida goma sha ɗaya. Mutanen gidajen nan duka sun hau tudu, wasunsu suna dariya suna tafe. Gida na goma sha biyu ruwan ya riga shi.

Ƙarfe biyu da minti biyar ya iso kwalbati. Auta ta tashi daga aiki ƙarfe biyu. Mutum shida aka rasa, ita ce ta huɗu da aka samu.

Ni malamin lissafi ne, ba zan faɗi abin da ban iya tabbatarwa ba. Ban sani ba ko cikakken tafkin zai riƙe ruwan ya rage masa ƙarfi. Wani injiniya da na tambaya ya ce zai taimaka, bai ce zai hana ba. Abin da na sani shi ne ana jin ƙararrawar a farfajiyar asibitin. Na je na tsaya a can wata Lahadi na saurara. Kuma tsakanin ɗaya da ashirin da biyu da biyar minti arba'in da biyar ne.

Masu gaisuwa sun cika gida. Kusan kowa ya gaya mana nufin Allah ne, kuma na lura waɗanda suka fi saurin faɗin haka su ne masu ajiye mota a bayan coci. Mai Tifa ya yi addu'a mai tsawo har da hawaye, kuma hawayen na gaske ne, ban hana masa wannan ba. Baba ya zo a rana ta uku, ya zauna a ƙasa bakin ƙofa, bai ce nufin kowa ne ba. Da zai tafi ya ce, "Ƙafata ce ba ta da sauri, Malam." Wannan ce kaɗai ƙaryar da na taɓa ji daga bakinsa.

Daga nan sai ikilisiya ta juya. Mutumin da aka ce boka ne ya wayi gari annabi. Mata suka riƙa tare shi a hanya suna tambayarsa ko auren 'yarsu zai yi albarka. Wani ɗan kasuwa ya so ya duba masa ko ya sayi shago. Baba yakan ce, "Ni ruwa na sani, shi ma sai ya yi ja." Abin da ya fi muni, kowane gida a unguwar ƙasa ya so ya mallaki kififiyarsa. Aka shiga tafki da taru da bokiti, aka kwashe su aka zuba a bahon wanka a tsakar gida, ana jira su ba da labari. Kififiya a baho ba ta da matakalar hawa. Suka daina cin abinci, suka fara mutuwa. A wata biyu ƙaunar jama'a ta kashe fiye da abin da tifofi suka kashe. Baba ya sake ɗaukar baronsa yana bi gida gida. A bangon baya lissafinsa ya sauko daga sittin da ɗaya zuwa sha tara.

Wata shida bayan ruwan, Mai Tifa ya kawo wa majalisa zane a babbar takarda. Lambun tunawa da waɗanda suka rasu. Za a cike sauran tafkin, tunda a cewarsa daga nan masifar ta fito, a shimfiɗa siminti, a kafa ginshiƙi mai sunaye shida. A saman ginshiƙin kuma, don girmama Baba, za a ɗora kififiya ta siminti, fenti kore.

"Wannan ba ta mutuwa," in ji Mai Tifa. "Ba ta kawo sauro."

Dattawa suka gyaɗa kai. Wa zai ƙi a tuna da matattu? Fasto ya ce kafin a ɗaga hannu ya kamata a ji ta bakin magatakarda, tunda sunan 'yarsa na kan dutsen. Ya faɗi haka ne da tausayi, yana tsammanin zan ce na gode.

Da safen ranar, da yake magatakarda ake fara ba kwafi, na nuna wa maiɗakina zanen. Ta daɗe tana kallo, sannan ta yi magana mafi tsawo da ta yi a wata shida: "In suka rubuta sunanta a kan wannan abin, ni zan je da guduma."

Na buɗe littafin taro na koma baya shekara biyu da rabi. Na karanta musu hukuncin, da gyaran da na kawo, da sunan wanda ya goyi baya, da yawan hannuwan da aka ɗaga: tara, ba mai ƙi. Na karanta ranar da aka amince da filin motoci. Sannan na faɗa musu abin da ba wanda ya sani sai ni da Baba, ƙarfe nawa ya zo tagata, abin da ya ce, da abin da na ce. Na ciro makullin na ajiye a kan zanen.

Na ce, "Ba a ba ku sunan Auta ba. In kuna son ginshiƙi, ku rubuta namu mu tara, nawa a sama. Sauran iyalai biyar kuma zan bi su da wannan littafin in karanta musu, su zaɓa."

Wani dattijo ya ce littafin taro sirrin majalisa ne. Na ce haka ne, kuma ni ke riƙe da shi.

Mai Tifa bai kai inda ya kai da rashin sanin lokacin juya mota ba. Ya naɗe zanensa a hankali, ya ce dama Ruhu ya daɗe yana nuna masa cewa halittar Allah amana ce a hannunmu, ya kawo shawarar a kiyaye tafkin har abada. Aka ɗaga hannu, tara, ba mai ƙi. Yanzu akwai allo a bakin ruwan mai cewa wurin yana ƙarƙashin kulawar kwamitin gine-gine. Sau ɗaya a shekara ana Lahadin kula da halitta, Mai Tifa ya yi jawabi, a ɗauki hoto da zalɓe a baya in ya yarda ya tsaya. Filin motoci na nan. Kififiyar siminti, da yake an riga an yi ta, tana ofishin Fasto tana danne takardu.

Sai maganar horo. Doka ta ce ba a ɗage shi sai mai laifi ya furta tuba, kuma majalisa ba ta da wani sashe na furta nata. Fasto ya je ɗakin Baba da kansa.

"Baba, ka sauƙaƙa mana. Ka ce kawai, in na yi kuskure, a gafarce ni. Kalma bakwai. Ko a hankali ka faɗa."

"Wane kuskure, Fasto?"

"Ko wanne. Dukanmu masu zunubi ne."

"Wannan gaskiya ne. Ina da su da yawa, in kana da lokaci in lissafa maka. Amma wannan ɗin ba ya ciki." Ya ƙara da cewa kada Fasto ya damu, domin a duk cocin tagar bencin baya ce kaɗai ke kallon tafki.

Makullin kuwa ba a san yadda za a yi da shi ba, tunda soke doka na bukatar babban taro. Kafin a sa rana, Baba ya kawo rahoto cewa gara ta ci ƙofar ɗakin ƙararrawa, ya cire ta don gyara. Ƙofar ƙarfe ce. Shekara biyu ke nan tana jingine a bayan ɗakinsa, kuma a kowane taro nakan rubuta cewa ana kan gyara.

Ni ma yanzu a bencin baya nake zama, ba wanda ya sa ni. Lissafin bango ya kai talatin da huɗu. Wani lokaci ana tsakiyar wa'azi Baba zai taɓa ni da gwiwar hannu ya nuna taga da haɓa, in duba in ga ɗaya ta hau gungume.

Ranar jibi mai tire yakan iso bencinmu ya rasa inda zai sa idonsa. Ni da na riƙe makulli yake miƙa wa, shi da ya buga tasa ya tsallake. Karon farko na kasa ɗaga hannu. Mai tiren na tsaye, mutane sun fara waiwaye. Baba ya matso ya ce a hankali, "Karɓi, Malam. Kada ka sa su sake kiran taro."